Ginza ta Tokyo: abin da za ka saya, abin da za ka kalla ka wuce

Wasiƙun wannan makon duk sun taru a unguwa ɗaya, Ginza da ke tsakiyar birnin Tokyo. Na taƙaita tambayoyin, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya daga Kano: "Malam, wata mai zuwa zan je Yokohama kan harkar kayan gyaran mota, kwana ɗaya tak zai rage mini. Abokin cinikina ya ce lallai in ga Ginza. Wani kuma ya ce unguwar masu hannu da shuni ce, ba abin da zan tsinta sai ciwon ƙafa. In je?"

Alhaji, ka je. Amma in da hali ka sa ranar ta faɗo Asabar ko Lahadi. A ranakun nan, daga ƙarfe goma sha biyu na rana zuwa yamma, ana rufe babban titin unguwar, Chuo-dori, babu mota ko ɗaya. Tun 1970 ake yin haka. Sai ka ga an jera kujeru da laimomi a tsakiyar kwalta, tsofaffi na hutawa, iyaye na tura kekunan jarirai. Ba wanda zai tambaye ka abin da ke aljihunka. Mutanen garin ma suna da kalma ta musamman, gimbura, wato yawo a Ginza ba tare da wata buƙata ba, kuma ba abin kunya ba ne a wurinsu.

Daga Yokohama ka hau jirgin ƙasa ka sauka a tashar Shimbashi da ke bakin Ginza, bai kai minti talatin ba. Tsakanin Yokohama da Shimbashi aka shimfiɗa layin dogo na farko a Japan a 1872, kuma a shekarar ce gobara ta cinye Ginza ƙurmus. Haɗuwar abubuwan nan biyu ta yi unguwar. Gwamnatin Sarki Meiji ta ga cewa duk baƙon da ya sauka daga jirgin ruwa a Yokohama, ya hau jirgin ƙasa, to ta Ginza zai shiga babban birni. Sai ta ce ba za a sake gina ta da katako ba. Aka kira wani magini mai suna Thomas Waters, haifaffen Ayalan, ya tsara tituna masu faɗi da gidajen jan bulo irin na Turai. Da farko mutane sun guje su, saboda tsada da damshi. 'Yan jarida da masu sayar da kayan ƙasashen waje ne suka cike gurbin, kuma tun daga nan sabbin abubuwa da yawa ta Ginza suke fara leƙowa Tokyo: fitilun iskar gas a 1874, fitilar lantarki a titi a 1882, har zuwa shagon McDonald's na farko a ƙasar a 1971.

Sunan kuwa ya girmi duk wannan. Gin azurfa ce a harshensu. A 1612 gwamnatin gidan Tokugawa ta kawo maƙerar kuɗin azurfa nan, sunan ya liƙe, ko da yake an tashi maƙerar a 1800. Kada ka sa ran ganin jan bulon nan. Girgizar ƙasa ta 1923 ta kwashe shi, abin da aka gina bayanta kuma bama-baman 1945 suka ƙone mafi yawansa.

Ga yadda zan kashe ranar in ni ne kai. Unguwar kashi takwas ce, an jera su da lamba, tsawonta kilomita ɗaya da ɗan kai. Daga Shimbashi za ka faro daga ta takwas. Ka bi a hankali har ka iso mahaɗar ta huɗu, inda za ka ga wani ginin dutse mai lanƙwasa da hasumiyar agogo a kansa. Wako ke nan, kantin kayan alatu, an gina shi a 1932, yana cikin 'yan ƙalilan da suka tsira daga yaƙi, har sojojin Amurka suka mayar da shi kantinsu zuwa 1952. Ka tsaya ka ji bugun agogon. Daga nan ka waiwaya ka nemi wani shagon takarda da turaren wuta mai suna Kyukyodo. Duk shekara hukumar harajin Japan tana fitar da ƙimar filayen bakin titi, kuma shekara kusan arba'in ke nan a jere ƙofar wannan shago ce ta fi ko'ina tsada a ƙasar. Murabba'in mita ɗaya ya haura yen miliyan 40, wato kuɗin Japan. Wato wurin shimfiɗa sallaya ɗaya ya fi yen miliyan 30.

Ka riƙe wannan lissafi, domin shi ne amsar yawancin tambayoyin da ke tafe. Duk kofin shayin da ka sha a Ginza, akwai kuɗin ƙasar da ke ƙarƙashin kujerarka a cikinsa. Saboda haka jakar Faransa ko takalmin Italiya da za ka samu a Dubai, ban ga dalilin ɗaukarsu daga nan ba. Abin da ya cancanci kuɗinka shi ne abin da a unguwar aka haife shi, ko abin da kake tsoron a sayar maka da jabunsa a wani wuri.

In ƙafa ta gaji, ka hau rufin Ginza Six, katafaren kantin da aka buɗe a 2017. Akwai lambu a sama, kyauta ne. Abu ɗaya da zai ba ka mamaki a matsayinka na ɗan kasuwa: babu tayi. Ba "albarka", ba "ƙara mini", ba gyara. Farashin da ke jikin kaya shi ne farashi, kuma in ka nemi ragi yarinyar kanti za ta yi ta sunkuyawa tana ba ka haƙuri har kai ka ji kunya.

Tambaya daga Zariya: "Ina so in kawo wa mahaifina agogon Seiko na gaske, don nasa na tun aikin gwamnati ya tsaya. A Ginza zan saya? Sannan maiɗakina ta ce in taho mata da tukunyar dafa shinkafa ta lantarki."

Allah Ya yi maka albarka. Agogon dai ka zo gidansa. Kintaro Hattori, wanda ya kafa Seiko, ya buɗe shagon sayar da agogo da gyaransa a wannan yanki a 1881, kuma ginin Wako da na ambata na kamfanin ne har yau. Akwai gidan tarihin Seiko a unguwar, shiga kyauta, sai dai ka kama lokaci ta intanet kafin ka je. A can za ka ga Astron na 1969, agogon hannu mai aiki da batir na kwaz na farko da aka fitar kasuwa a duniya.

To amma sayen ya danganta da wane Seiko kake nufi. In Grand Seiko ne, wanda yake farawa daga wajen yen dubu ɗari uku, wasu su haura miliyan, ka saya a shagonsu na Ginza ka karɓi takardar garanti da hatimi. In kuwa irin na yau da kullum ne, kamar Seiko 5 da iyayenmu suka sani, ka taka zuwa Yurakucho, minti kaɗan ne a ƙafa, ka shiga Bic Camera, babban kantin kayan lantarki. Kaya ɗaya ne, kuma sau da yawa ya fi sauƙi a can.

Ni shawarata ga dattijo ita ce mai caji da hasken rana. Ba canjin batir, ba ya tsayawa don an ajiye shi kwana biyu. Masu tsadar nan masu injin Spring Drive suna da kyau ƙwarai, amma ranar da suka buƙaci gyara, mai gyaran agogon bakin kasuwa ba zai iya ba, sai an mayar wa kamfani. Kada kuma ka ƙara kuɗi don wanda yake saita kansa da siginar rediyo. Siginar ba ta isowa Najeriya, ka biya abin da Baba ba zai mora ba. Ka kuma duba gurbin ranakun mako, domin waɗanda aka yi wa kasuwar cikin gida suna da rubutun Japan tare da Turanci.

Tukunya kuwa, a kula. Wutar Japan bolt 100 ce, tamu 230. In ka sayi ta 'yan gida, ranar farko za ta yi hayaƙi. Ka ce a nuna maka waɗanda aka yi don ƙasashen waje, ka karanta 220 zuwa 240 a jikin kwalin da idonka. Ka riƙe fasfo ɗinka na ainihi, domin baƙo yana samun yafiyar harajin saye na kashi 10 cikin ɗari idan sayayyarsa ta kai yen 5,000 a kanti ɗaya a rana ɗaya. An tsara cewa daga Nuwamban 2026 sai ka biya tukuna a mayar maka lokacin fita ƙasar, don haka ka adana rasit.

Tambaya daga Damagaram: "Ina haɗa lefen ɗana. Ƙanena zai je Tokyo, ya ce akwai sarƙar lu'ulu'un teku a Ginza da babu irinta. In sa kuɗin a nan ko in tsaya kan gwal?"

Hajiya, Allah Ya sanya alheri, Ya kai mu ranar. Ƙanenki bai yi ƙarya ba. Kokichi Mikimoto ne ya fara cin nasarar sa kawa ta yi lu'ulu'u da dabarar ɗan Adam a 1893, ya buɗe shagonsa a Ginza a 1899, kuma shagon yana nan kusa da Wako. Lu'ulu'un akoya na tekunsu ƙanana ne, zagayayyu, masu wani sheƙi kamar an kunna fitila a cikinsu.

Amma tambayarki ta kuɗi ce, zan ba ki amsar kuɗi. Gwal a wurin matanmu ado ne kuma asusu ne. Ranar da ta ɓaci, amarya za ta kai shi kasuwa a ɗora a sikeli a ba ta kuɗinta, wataƙila ma fiye da yadda aka saya. Lu'ulu'u ba a ɗora shi a sikeli. Daga ranar da ya bar kanti darajarsa ta faɗi, kuma da wuya ki samu mai saye a Damagaram ko Kano da zai san abin da aka biya. Ga kuma matsala ta biyu da ta shafe mu kai tsaye: turare da gumi suna cinye sheƙinsa. Amaryar da za ta shafa humra a wuya, ta tsuguna a kan kasko, sarƙar ba za ta daɗe da kyanta ba. Ƙa'idarsa ita ce shi ne na ƙarshen sawa, na farkon cirewa, a goge da tattausan ƙyalle.

Ki bar babban kuɗin a gwal. In akwai rara, ƙanenki ya sayo 'yan kunne guda biyu, su shiga akwati a matsayin abin da ba kowa ke da shi ba.

Tunda zai shiga unguwar, ya leƙa Kyukyodo ɗin nan. Asalinsa daga Kyoto ne tun 1663. Suna da turaren wuta na itacen sandal da na itacen ud, wanda suke kira jinko. Sai dai kada ki sa ran irin na Barno da ke kama labule har mako guda. Nasu siriri ne, hayaƙi kaɗan, ƙamshin sai ka natsu kake jinsa. Ya ɗauko ƙaramin kwali ki gwada kafin a yi sari.

Tambaya daga wata ɗaliba a Tokyo: "Kawuna zai zo taro, shi ya riƙe ni tun ina ƙarama. Ina so in kai shi ya ci sushi na gaske a Ginza, amma kuɗin tallafin karatu nake ci, kuma ina tsoron haram. Yaya zan yi?"

'Yata, kin yi tunani mai kyau, bari mu bi shi daki-daki. Ga wanda bai sani ba, sushi lomar shinkafa ce da ake ɗora wa yankan kifi, galibi ɗanye. Maganar kuɗi tukuna. Manyan gidajen sushi na Ginza ƙanana ne, kujera takwas ko goma a gaban dogon teburin katako, mai yankan kifi yana tsaye yana miƙo muku ɗaya bayan ɗaya. Tsarin ana kiransa omakase, wato "na bar maka zaɓi". Da dare, mutum ɗaya yana iya biyan yen dubu talatin zuwa sama. Shahararren cikinsu, Sukiyabashi Jiro, inda Firaminista Abe ya kai Shugaba Obama a 2014, ki cire shi daga lissafi, ba ya karɓar kowa da kowa. Dabarar ita ce rana. Gidaje da yawa suna ba da abincin rana a kan rabin kuɗin dare ko ƙasa da haka, hannu ɗaya ne, kifi ɗaya ne, sai dai adadin ya ragu. Ki kama wuri tun da wuri, in kuma kin kama kada ki fasa, don suna cajin wanda ya fasa. Ba a ba da tukwici, in kin bar canji za su biyo ki da shi har titi.

Kifin kansa bai dame mu ba, mu da muka tashi kan Malikiyya abin teku halal ne. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ake shafa masa. Sushin Tokyo na gargajiya ba a miƙo shi tsirara. Ana shafa masa wani ruwa mai suna nikiri, wanda aka haɗa da shoyu, wato ruwan waken suya mai gishiri, da sake da mirin. Sake giyar shinkafa ce, mirin kuma ƙanwarta ce mai zaƙi da ake girki da ita. Ana tafasa su har barasar ta tashi, amma asalinsu ke nan. Suna shiga cikin baƙar miyar da ake shafa wa kifin anago, da wainar ƙwan da ake rufewa da ita, har da romon da ake tsoma tempura, wato kifi ko kayan lambu da ake soyawa cikin kwaɓin fulawa. Wasu gidajen ma ruwan khal ɗin shinkafarsu daga dusar sake ake yin sa. Hukuncin abin da aka tafasa ko ya rikiɗe ya zama khal, malamai sun yi magana a kai, ki tambayi wanda kawunki ya yarda da shi tun kafin ya taso. Ni abin da nake yi shi ne in faɗa tun lokacin kama wuri cewa ba na cin sake da mirin, a ba ni da gishiri da lemon tsami. Wasu za su yarda, wasu za su ce ba za su iya ba, kuma gara ki ji haka a waya da ki ji a gaban kawu.

Nama kuwa, sai inda kika ga takardar shaidar halal a manne. Kada sunan tsofaffin gidajen abinci ya ja ki. Rengatei, wanda yake nan tun 1895, ya yi suna ne da soyayyen naman alade. Kin riga kin san alamar 豚 a jikin kaya, ki koya wa kawu ita ma.

Sai abin da ba wanda zai gaya miki, ni ma da kunya na koye shi. Zuwana na farko wani ƙaramin gidan sushi a wani lungu, na fito otal na feshe babbar rigata da turaren ud kamar mai zuwa ɗaurin aure. Da na zauna, sai na ga mutumin da ke gefena ya ajiye tsinkayen cin abincinsa. Matar gidan ta zo ta raɗa wa wanda ya gayyace ni magana, aka tashe mu cikin ladabi aka mayar da mu kujerar ƙarshe kusa da ƙofa. Ba wanda ya ɗaga murya, amma har muka gama ban ji ɗanɗanon komai ba sai na kunyata. A wurinsu ƙamshin shinkafa da kifi rabin abincin ne, turarenka yana ɓata wa mutum tara abin da suka biya. Ki lallaɓa kawu ya haƙura da turare ranar. Ya kuma cire agogo in mai ƙarfe ne, kada ya karce teburin. Abin da zai yi masa daɗi: da hannu ake ci in an so, loma ɗaya, da zarar an ajiye.

Kafin duk wannan, ki tabbata kawu zai iya haɗiye ɗanyen kifi. Mutumin da ya saba da bandar kifi da miyar kuka, ba lallai ya gode miki ba. Ki fara gwada shi a ƙasan Mitsukoshi ko Matsuya. Benen ƙarƙashin ƙasa na manyan kantunan nan kasuwar abinci ce guda, suna kiranta depachika, kuma dab da rufewa ana rage farashi. Ki sayi ɗan ƙaramin faranti. In ya yamutsa fuska, kin tsira da kuɗinki, sai ku koma tempura da gishiri, bayan kin tambayi irin man da suke suya da shi.

Za ki ga layi a Kimuraya, kusa da Wako, masu burodin anpan mai cike da jan wake mai zaƙi, wanda aka kai wa Sarki Meiji a 1875. Yis ɗinsa sakadane ne, daga shinkafa ake tayar da shi irin yadda ake tayar da na sake. Wannan ma ki sa shi cikin tambayar da za a yi wa malam.

In ranar Juma'a ce, ku taka zuwa tashar Hibiya ku hau layin Chiyoda har ƙarshensa a Yoyogi-Uehara, babu canji. Masallacin Tokyo Camii yana nan, ginin Turkawa ne da aka kammala a 2000 a gurbin tsohon masallacin 1938, da kantin kayan halal a harabarsa.

Tambaya ta ƙarshe, daga Kumasi: "An ce in kalli kabuki. Ba na jin yaren, tikiti kuma da tsada. Ba asara ba ce?"

Kabuki wasan kwaikwayon gargajiya ne na Japan. Cikakken shiri yana cin kusan awa huɗu, kuma ga wanda ba ya jin yaren, barci ne zai ɗauke shi. Amma gidan Kabukiza, wanda aka fara buɗewa a 1889, ginin yanzu kuma na 2013 ne, yana da tikitin fitowa ɗaya, hitomakumi, a bene na huɗu. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, wajen yen dubu ɗaya zuwa biyu. Ka zaɓi fitowar rawa ko ta faɗa, ba ta doguwar zance ba.

Duk 'yan wasan maza ne, har masu fitowa a mata, tun da aka hana mata hawa dandalin a 1629, alhali mace ce mai suna Okuni ta fara shi. Ka saurari abu ɗaya. Idan babban ɗan wasa ya ƙame a tsakiyar dandali ya zare ido, za ka ji murya daga can sama kusa da kai ta ƙwala sunan gidansu, "Naritaya!" ko wani makamancinsa. Kirari ne, kuma kai ba sai an fassara maka shi ba. Sai dai kada ka taya su, akwai daidai lokacin da ake jefa shi, masu yi sun shekara suna koyo.

Daga bene na huɗu ba ka ganin doguwar hanyar da 'yan wasa ke shigowa ta cikin 'yan kallo sosai, fuskoki kuma sun yi nisa, don haka ka tafi da ƙaramin madubin hangen nesa. Tashar Higashi-Ginza tana ƙarƙashin ginin, kuma daga nan akwai jiragen da ke zuwa filin jirgin saman Haneda kai tsaye, in ranar tafiyarka ce.